Haɓo, toshewar hanci da majinar da ba ta ƙarewa: a ina matsalar take?

Bashir: Assalamu alaikum. Hunturu ya kunno kai, ga tambayoyi kan haɓo da toshewar hanci sun fara yawa a zauren nan, kowa yana tambaya a gefe. Gara mu tattara su wuri guda. Dakta Hadiza, Allah ya ƙara basira, ki buɗe mana da yadda cikin hanci yake tukuna, don mu san abin da ake magana a kai.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Abin da ido ke gani a fuska kaɗan ne daga cikin hanci. Can sama tsakanin idanu, ƙananan ƙasusuwa biyu ne suka haɗu suka yi karan hanci. Daga nan zuwa ƙasa guringuntsi ne, shi ya sa kan hanci yake lanƙwasuwa. A ciki akwai shamaki da ya raba hancin gida biyu, gabansa guringuntsi, bayansa ƙashi. Da wuya ka sami wanda shamakinsa ya miƙe sak. Yawancin mutane nasu ya ɗan karkata, kuma ba ya hana su komai.

Mutane da yawa suna zaton kogon hanci sama ya nufa. A'a, baya yake tafiya a kwance, a bisa ganda, har ya faɗa bayan maƙogwaro. A bangon gefe na kowane ɓangare akwai tuddai uku masu lanƙwasa, na ƙasa, na tsakiya da na sama, an lulluɓe su da fata mai laushi cike da jijiyoyin jini. Su ke ɗumama iska su jiƙa ta, yadda kafin ta kai bayan hanci zafinta ya haura digiri 30, ko da a sanyin asuba aka shaƙe ta. Fatar nan tana fitar da majina kusan lita guda a yini, muna haɗiye ta ba mu sani ba. Wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, ba gashin ƙofar hanci ba, su ke tura ta baya zuwa maƙogwaro tare da ƙurar da ta kama, cikin minti 10 zuwa 20. Duk abin da ya busar da fatar ko ya kashe 'yan gashin nan, irin su hayaƙin taba da busasshiyar iska, to ya buɗe ƙofar matsala.

Dakta Auwal: In ƙara a kan na Dakta. Kewaye da hanci akwai koguna a cikin ƙashin kai, guda huɗu a kowane gefe, su ake kira sainus: na kumatu, na goshi, 'yan ƙanana tsakanin ido da hanci, sai wanda ke can ciki a bayan hanci. Kowanne yana da 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. Na kumatu ya fi girma, yana ɗaukar kamar mililita 15 a babba, amma ƙofarsa a sama take, kusa da rufinsa. Kamar rijiya ne, sai an jawo abin da ke ciki sama kafin ya fita, kuma 'yan gashin nan ne ke jan. Da zarar mura ta kumbura bakin ƙofar, majina sai ta kwanta. Saiwoyin haƙoran sama na baya kuma suna dab da ƙasan wannan kogon, shi ya sa ruɓaɓɓen haƙori yake iya jawo mugunya a sainus na gefe ɗaya, a yi ta maganin hanci a banza alhali haƙorin ne.

Akwai kuma bututun hawaye da ya sauko daga ido ya buɗe a ƙarƙashin tudun ƙasa. Dalilin da mai kuka yake jan majina ke nan.

Maman Iman: Dakta, ni tambayata, me ya sa da dare ƙofa ɗaya ke toshewa, can an jima ta buɗe ɗayar ta toshe? Cuta ce?

Dakta Auwal: Ba cuta ba ce, Hajiya. Tuddan nan suna karɓa-karɓa ne, na dama ya kumbura na hagu ya saki, bayan 'yan sa'o'i su sauya. Wani likitan Jamus, Richard Kayser, ya bayyana haka tun 1895. Idan kin kwanta a gefe, ƙofar da ke ƙasa ce ta fi cika. Abin lura shi ne toshewar da ta tsaya a gefe ɗaya ba ta sauyawa, mako da makonni. Wannan sai an leƙa.

Bashir: To mu shiga haɓo, shi ya fi tayar wa iyaye hankali.

Sista Rakiya: Haɓo tara cikin goma daga wuri ɗaya yake fitowa: gaban shamaki, inda ɗan yatsa ke iya kaiwa. A nan ƙananan jijiyoyin jini daga wurare daban-daban suka haɗu, fatar kuma siririya ce. Hunturu ya busar da ita, tasono ya manne, yaro ya ƙwaƙule, jini ya ɓalle. Ga yadda ake yi. A zaunar da mutum, ya sunkuyar da kai gaba kaɗan. A matse wuri mai taushi na hanci, ƙasa da ƙashi, da babban yatsa da manuni, ƙofofin biyu gaba ɗaya. Ya yi numfashi ta baki, jinin da ya sauko baki ya tofar. A riƙe minti 10 zuwa 15 da agogo, ba a saki ana dubawa. In bai tsaya ba a sake wani zagayen. In an yi sau biyu yana zuba, asibiti.

Kurakurai uku ne kullum. Na farko ɗaga kai sama: jinin bai tsaya ba, maƙogwaro ya koma, a haɗiye shi a yi amai, ko ya sarƙe mutum. Na biyu matse karan hanci, wato ƙashi, inda babu abin da matsin zai danne. Na uku cusa tsumma ko takarda, wanda idan an zo cirewa yake tahowa da gudan jinin da ya toshe wurin, a koma gidan jiya.

Malam Sabo Famasi: Sista, ruwan sanyi a ka fa, ko ƙanƙara a goshi? Ana yawan yi.

Sista Rakiya: Ba ya cutarwa, Malam, amma ba shi ke tsayar da jinin ba. Matsalarsa ita ce a bar matsin a tafi neman ƙanƙara. In akwai mai taimako ya kawo, hannu dai kar ya bar hanci.

Dakta Hadiza: Haɓon dattijo daban yake da na yaro, wannan a riƙe shi da kyau. A tsofaffi jinin kan fito daga can baya, daga jijiya mai ɗan girma, inda matsi ba ya kaiwa. Alamarsa, an matse gaba amma jini yana kwarara ta maƙogwaro, ko yana fitowa ta ƙofa biyu da yawa. Wannan ba na gida ba ne. Haka wanda ke shan maganin tsinka jini irin su asfirin da wafarin, da wanda ya fara jiri ko ya yi fari fat, da wanda jini ke fita masa a dasashi ko jikinsa yake tabo ba tare da ya bugu ba. Shi na ƙarshen nan gwajin jini yake buƙata, don matsalar ba a hancin take ba.

A asibiti, idan an ga inda jinin ke fita a gaba, ana sa maganin kashe zafi a ƙona wurin da ɗan tsinke mai sinadarin silba. Ba a ƙona gefe biyu na shamaki a zama ɗaya, saboda guringuntsin zai rasa jini ta kowane ɓangare ya huje. Idan ba a ga wurin ba sai a cusa auduga ta musamman, ta kwana ɗaya ko biyu a ciki.

Malam Sabo Famasi: Ni dai a ganina duk babban da ya yi haɓo hawan jini ne. Mutane ma cewa suke jinin ya nemi hanya ne ya rage.

Dakta Auwal: A nan ban yarda da kai gaba ɗaya ba, Malam Sabo. Hawan jini yana sa haɓo ya yi wuyar tsayawa, kuma shekaru da shi suna taurara jijiyoyi. Amma mutumin da yake ganin jini yana zuba daga fuskarsa, tsoro kaɗai ya isa ya ɗaga awonsa. A auna a lokacin, a sake aunawa bayan ya natsu, sannan a yanke hukunci. Batun cewa haɓo yana rage hawan jini kuwa, babu shi. Wanda ya yarda da haka shi ne zai zauna yana kallon jini yana zuba wai yana samun sauƙi.

Malam Sabo Famasi: Na karɓa, amma a auna ɗin dai. Da yawa ta nan ake gano suna da shi.

Dakta Hadiza: Akwai wani haɓon da ba na so a manta. Yaro namiji ɗan shekara goma sha, gefe ɗaya a toshe kullum, jini yana zuba da yawa daga wannan gefen akai-akai. Akwai wani ƙari mai cike da jijiyoyin jini da ke fitowa a bayan hancin samari, ba ciwon daji ba ne, amma idan aka taɓa shi da nufin yankar ɗan gutsure, jinin da zai zuba ba ƙarami ba ne. Hoto ake fara yi. Kada a bari wanzami ko mai kemis ya sa ƙarfe a ciki. A babba kuma, toshewar gefe ɗaya da majina mai jini-jini, ga kunne ɗaya ya toshe, ga ƙullutu a wuya, wannan sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zura kyamara ya duba bayan hanci. Asibitocin koyarwa suna da wannan sashen, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Maman Iman: Allah ya kiyaye. To rigakafin na hunturu fa?

Sista Rakiya: A hana fatar bushewa. A ɗiga ruwan gishiri sau biyu ko uku a yini. A shafa Vaseline ɗan kaɗan a bakin ƙofar hanci daga ciki da kan ƙaramin yatsa, safe da dare, ba a dumbuza a tura ciki ba. A yanke wa yara farce. Mai fita kan babur ya rufe hanci. Robb da sauran masu mentol kuwa, sanyin da suke sawa ne yake sa mutum ya ji kamar hanci ya buɗe, hanyar iskar ba ta ƙaru ba. Kada a sa su cikin hancin jariri ko yaron da bai kai shekara 2 ba.

Malam Sabo Famasi: Tunda an zo magani, bari in faɗi wanda ya fi damuna, wato ɗigon buɗe hanci irin su Otrivin. Aikinsa tsuke jijiyoyin jinin tuddan nan, cikin 'yan mintoci hanci ya buɗe wayam. Amma idan ya sake su, kumburin da ke dawowa ya fi na da. Mutum ya ƙara ɗigawa, tazarar ta riƙa raguwa, har ya zama ba ya barci sai kwalbar tana ƙarƙashin matashi, murar kuwa ta warke tun tuni. Kada a wuce kwana 3 zuwa 5. Wanda ya riga ya kamu, ya daina sa wa ƙofa ɗaya tukuna, ya jure mako ɗaya ko biyu har ta saki, sannan ya daina ɗayar, yana haɗawa da feshin sitiroyid mai rage kumburin cikin hanci da ruwan gishiri.

Ƙwayoyin mura masu sudo'efedirin suna ɗaga hawan jini, mai shi ya kauce musu. Piriton yana sa barci, bai dace da direba ko mai aiki da inji ba. Setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a yini ga babba, sun fi sauƙi ta wannan fuskar.

Bashir: Feshin sitiroyid ɗin nan, wasu suna cewa sun gwada bai yi ba.

Dakta Auwal: Dalili biyu ne galibi. Ko dai sun yi kwana biyu sun ajiye, alhali sai ya ɗauki kwanaki, wani lokaci mako biyu, kafin a ga cikakken aikinsa, ko kuma ba a fesa shi daidai. A fyace tukuna, a girgiza kwalbar, a ɗan sunkuya. A riƙe da hannun dama a fesa wa ƙofar hagu, hannun hagu a fesa wa ta dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne. Haka maganin zai sauka kan tuddai inda kumburin yake. Idan ana harba shi kan shamaki kullum, bushewa da haɓo za a samu. Kuma kar a zuƙe da ƙarfi, in ka ji ɗacinsa a maƙogwaro to ya wuce inda ake so.

Shi ne babban maganin hancin aleji: atishawa a jere da safe, ƙaiƙayin hanci da ido, majina tsararo kamar ruwa, gefe biyu, babu zazzaɓi. Ƙurar ɗaki, kyankyasai, gashin kyanwa, hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro duk suna tayar da shi. Da yawa daga masu shi suna da asma, a tambaya.

Maman Iman: Majina idan ta koma kore ba sai an sha antibayotik ba?

Dakta Hadiza: A'a. Koren daga fararen ƙwayoyin jini yake, waɗanda jiki ya tura wurin, kuma mura ta yau da kullum ma tana kawo shi a kwana na uku ko na huɗu. Mura bairos ce, antibayotik ba ya taɓa ta. Abin da ke nuna bakteriya ta shiga sainus shi ne a wuce kwana 10 babu sauƙi, ko a fara warwarewa sai ciwon ya dawo da ƙarfi, da zazzaɓi da ciwon kumatu na gefe ɗaya. Wanda ya haura mako 12 kuwa ya zama daɗaɗɗe, shi ba a kashe shi da ƙwaya, wankin hanci da feshi na watanni yake so, wani sa'in tiyata don buɗe ƙofofin.

Gaggawa ɗaya a nan: yaro mai mura da fatar idonsa ta kumbura ta yi ja, ko idon ya turo, ko yana ganin abu biyu. Ƙashin da ya raba ido da ƙananan sainus ɗin nan bai fi takarda kauri ba, mugunya tana ratsa shi. Ranar za a kai shi asibiti. Haka mai ciwon suga da sugansa ya hau, ya zo da ciwon fuska da baƙin ɓawo a cikin hanci. Wata irin fumfuna ce mai cin nama, wadda ta yi ɓarna sosai a Indiya a 2021 lokacin korona.

Sista Rakiya: Ga haɗin ruwan wankin, tunda an ambace shi. Ruwa rabin lita, a tafasa a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tula ba. In akwai hodar baking soda a ƙara rabin cokali, yana rage raɗaɗi. A sunkuya kan kwano, baki a buɗe, a tura da sirinji marar allura ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar. A haɗa sabo kullum. Tafasawar ba ado ba ce, ruwan rijiya ko na tafki yana iya ɗaukar ƙwayoyin da ciki zai iya da su amma hanci ba zai iya ba.

Bashir: Wani ya turo ta gefe: yarinya 'yar shekara 3, majina mai wari daga ƙofa ɗaya, an sha magani bai yi ba.

Dakta Auwal: Ta cusa wani abu ne, har sai an tabbatar ba haka ba. Gyaɗa, wake, masara, dutsen ado, guntun katifa. Kada a bi shi da tsinken ashana ko audugar kunne, ciki za a ƙara tura shi, yana iya faɗawa hanyar numfashi. Kada a zuba ruwa, wake da masara kumbura suke. Idan yanzu aka ga ta sa, uwa za ta iya toshe lafiyayyar ƙofar da yatsa, ta rufe bakin yarinyar da nata bakin, ta hura sau ɗaya da ɗan ƙarfi. Fiye da rabin lokuta abin yana fitowa. Amma wanda har ya yi wari, a bar wa asibiti. Batirin agogo kuwa, mai kama da maɓalli, ba a jira ko gari ya waye, cikin 'yan sa'o'i yake ƙona nama ya huda shamaki. Kuma ba a ɗiga masa komai, danshi yana ƙara masa ci.

Malam Sabo Famasi: Buguwa fa, ta ƙwallo ko haɗarin babur?

Dakta Hadiza: Abu biyu ake dubawa kafin a damu da karkacewa. A haska fitila cikin hanci. Idan an ga shamaki ya kumbura ya yi taushi, ja ko shuɗi-shuɗi, ya toshe hanya, jini ne ya taru tsakanin guringuntsi da fatar da ke ciyar da shi. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini tasa, in aka raba shi da fatar nan mutuwa yake cikin kwanaki kaɗan, karan hanci ya lotsa. A ranar ake tsaga wurin a fitar da jinin. Na biyu, ruwa garau yana ɗiga daga ƙofa ɗaya bayan an bugu a ka, yana ƙaruwa in an sunkuya, da ɗanɗanon gishiri. Rufin hanci ƙashi ne siriri mai 'yan huji, inda jijiyoyin jin ƙamshi suke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. In ya tsage, ruwan ƙwaƙwalwa ne ke zuba, kuma hanya ce ta sanƙarau. Kar a fyace, kar a cusa komai. Karayar ƙashin kanta ana jira kumburi ya sauka, a gyara kafin mako biyu, in an wuce ƙashin ya kama a karkace.

Maman Iman: Dakta, wanda aka ƙona wa wurin haɓo, ko jinin ya tsaya yau, yaya zai yi da shaƙa ruwa a alwala?

Dakta Hadiza: Ɓawon da ya rufe wurin yana son kamar mako guda kafin ya yi ƙwari. A kwanakin nan ya kai ruwan bakin hanci a hankali ba tare da zuƙa da ƙarfi ba, ya bar shi ya zubo, kada ya fyace da ƙarfi, musamman a yinin farko da na biyu. In atishawa ta zo ya buɗe baki. Ya guji ɗaga kaya masu nauyi da shayi mai zafi sosai na kwana biyu, ya ci gaba da shafa Vaseline ɗin safe da dare. Hukuncin alwalar kuma malamai ne za su yi bayani, akwai su a zauren.